Ƙa'ida da Gwaninta a Mutum-mutumin Buda

Masu sassaƙa na farko a addinin Buda sun ɗauki ƙarnuka ba su fito da siffarsa ba. A ginin ibada na Sanchi da ke Indiya, abin da ake gani a madadinsa shi ne sawun ƙafa, ko gadon sarauta babu kowa a kai, ko bishiyar da ya zauna a gindinta. Sai wajejen ƙarni na 1 miladiyya siffar mutum ta bayyana a wurare biyu: Gandhara, yankin Pakistan da Afganistan na yau, inda ninkin mayafinsa ya ɗauko salon Girkawa, da Mathura a Indiya, inda aka yi aiki da jan dutse.

Babu wanda ya san kamannin Siddhartha, wato Buda, a cikin masu sassaƙar, don haka ba hotonsa suka yi ba. Alamomi suka jera waɗanda mabiyi zai karanta. Tudun da ke tsakar kai na nuna cikar hikima. Dogayen kunnuwa kuwa tuni ne cewa ɗan sarki ne da ya tuɓe manyan 'yan kunne ya bar fada. Hannuwa su suka fi magana. In yatsun dama sun taɓa ƙasa, ana nufin lokacin da ya kira ƙasa shaida a garin Bodh Gaya. In an ɗaga tafi yana fuskantar mai kallo, saƙon shi ne kada a ji tsoro. Mutum-mutumin garin Sarnath na ƙarni na 5 ya haɗa yatsu a ƙirji, alamar wa'azinsa na farko.

Waɗannan ƙa'idoji sun ɗaure mai aiki ƙwarai. A Tibet da Nefal ana auna jiki da faɗin yatsa bisa ƙa'idar littattafai, ba a barin masassaƙi ya bi son ransa. Maƙeran ƙabilar Newar na garin Patan a Nefal sukan fara gina siffar da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Dabarar ke nan da maƙeran Ife da Bini suka sani. Tunda dole a fasa yumɓun, kowane zubi guda ɗaya ne tak. Ana shafa zinariya da aka kwaɓa da zaiba, a gasa, aikin da hayaƙinsa ke cutar da maƙeri.

A ganina nan gwaninta take: ƙa'ida ɗaya ce, amma leɓe da fatar ido su ke raba gwani da ɗan koyo.

Duk da haka, a wurin mabiya aiki bai kammala ba sai an cusa rubutattun addu'o'i a cikin mutum-mutumin, kamar yadda ake yi a Tibet, an kuma zana idanu. A shekarar 752, a haikalin Todai-ji na birnin Nara a Japan, malamin Indiya Bodhisena ne ya zana idanun babban mutum-mutumin tagulla mai tsayin kusan mita 15.