Igama da Tallafi: Duba daga Bagdadiyya

A birnin Jidda ne hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi take, bankin da ya sa kuɗi a shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano. Ba nisa daga nan akwai Bagdadiyya, a arewacin tsohon gari, ɗaya daga cikin unguwannin da Takari, wato mutanenmu mazauna Saudiyya, suka daɗe suna neman abinci a cikinsu. Hujjar wannan maƙala ita ce, dokar zama da ake zartarwa a kan waɗannan mutane ta fi rancen banki taɓa tukunyar gidajen Kano da Maraɗi.

Tun 2003 cibiyar nazarin ci gaba ta CGD da ke Washington take auna ƙasashe masu arziki da abin da ya wuce tallafi: ciniki, ƙaura, zuba jari, muhalli. Ma'aunin ya dace da mu, domin 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, ninkin tallafin da ƙasar ke samu sau da yawa. Kuɗin aike kuwa ba ya jiran kwamiti. Yau ya iso, gobe ya zama kuɗin makaranta ko jarin ɗinki.

To amma mai aiken, a kan me yake tsaye? A kan igama, wato takardar izinin zama, igama kuma a hannun kafili, wanda ya ɗauke shi aiki, take. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali nan ne matanmu suka fi yawa. Kafin wannan, a Yulin 2017, an ɗora harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ke riƙe da shi, ya hau har riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 duk wata, tun bai biya haya ba. Abin da da zai tafi gida, baitulmalin ƙasa mai arziki ya koma.

Sai rusau. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni fiye da 60 a Jidda, ciki har da Gulel da Karantina da Sabil, diyya kuwa 'yan ƙasa aka ware wa. Ba a musun haƙƙin hukuma na gyara birninta, kuma wasu lungunan sun lalace ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda aka haifa a can, kakanninsu sun zo aikin hajji a ƙafa ta Sudan, amma har yau ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Idan aka tsare irinsu a gidan tsare baƙi na Shumaisi, aka sauke su a filin jirgin Malam Aminu Kano, sukan iso da Larabci a baki, babu jari, babu dangin da suka sani, gidan da suke aika wa kuɗi kuma ya rasa mai aiken.