Nazarin Tsuntsayen Daji a Ƙasar Kebbi da Maƙwabtanta

Binciken tsuntsaye irin na zamani ya shigo ƙasar Hausa ne da bindiga. A 1885 Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka taso daga Binuwai da wasiƙun sarkinsu zuwa ga Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu, suka bi ta Zariya da Kano kafin su isa Sakkwato da Gwandu. Hartert masanin tsuntsaye ne, kuma aikinsa a hanya shi ne ya harbo tsuntsu, ya feɗe fatar, ya rubuta wuri da rana. Daga baya ya zama mai kula da gidan adana halittu na Rothschild a Ingila, inda ya tantance tsuntsayen da Angus Buchanan ya tattaro tsakanin Kano da Azbin a 1920. Irin waɗannan fatun ne ginshiƙin littafin David Bannerman mai juzu'i 8 kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fito daga 1930 zuwa 1951. Zamani ne na sanya suna da auna fiffike. Yadda tsuntsu yake rayuwa, wannan an bar wa maharba da masunta, waɗanda ba a cika rubuta sunansu ba.

Salo ya sauya bayan samun 'yancin kai. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, wadda daga baya ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, da mujallarta Malimbus tun 1979. Raga mai laushi da zoben ƙarfe mai lamba suka maye gurbin harsashi: a kama tsuntsu, a auna shi, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi. A Kano, Bob Sharland ya daɗe yana riƙe da lissafin zobban ƙasar. A Zariya, Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi wani tsuntsu mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, da ke haƙa ramin sheƙarsa a gaɓar kwazazzabo, ya nuna cewa ba iyaye kaɗai ke ciyar da 'ya'yan ba, akwai mataimaka daga dangi. A Malam Fatori kuwa, bakin Tafkin Chadi, an auna ƙananan tsuntsayen Turai an ga irin kitsen da suke tarawa kafin su tsallaka Sahara.

Amma aikin da ya fi shafar manomin Fagada da sauran ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama shi ne na Peter Ward a kan jan-baki. Ward ya yi aikinsa a yankin Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, ya buga sakamakon a 1965. Ya riƙa buɗe cikin tsuntsayen wata bayan wata, ya tarar yawancin abincinsu ƙwayar ciyawar daji ce, ba hatsi ba. Da rani suna tsintar ta a busasshiyar ƙasa. Ruwan farko na sauka, ƙwayar ta tsiro, abinci ya yanke musu a lokaci guda, sai su yi kudu inda damina ta riga ta zauna har ciyawa ta yi kai. Bayan makonni sukan juyo arewa suna bin sabon tsiro, su yi sheƙa dubbai a cikin ƙaya, su ƙyanƙyashe cikin kwana kamar 10. Daga nan ya kai ga hukuncin da masu feshi ba su so ji ba: yunwar farkon damina tana kashe jan-baki da yawa ko an yi feshi ko ba a yi ba, don haka kisan miliyoyi a nesa da gona ba ya rage yawansu baɗi. Abin da ke da amfani shi ne a nemi makwancin da ke kusa da amfanin gona mai nuna, kuma a daidaita shuka yadda girbi zai faɗo sa'ad da tsuntsun ba ya nan.

Wannan bincike ya ƙara nauyi tun da noman rani ya bunƙasa a fadamun Gulbin Zamfara da na Rima, musamman bayan shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Shinkafar da ke nuna a ƙarshen rani, lokacin da ƙwayar daji ta yi ƙaranci, ga ruwa a kusa, ta dace da bukatar jan-baki sarai. Har yau maganin da aka fi gani shi ne yara da gwangwani da majajjawa tun asuba, sai jirgin feshi idan gwamnati ta turo. Maganin da ake fesawa kuwa ba ya zaɓe. Shaho da mujiya da suka ci gawar jan-bakin su ma sukan mutu.

Batun kare tsuntsaye kuwa ya fi karkata gabas da tsakiyar ƙasa. Aikin dausayin Haɗeja da Nguru ya fara a 1987, cibiyar A. P. Leventis ta nazarin tsuntsaye ta zauna kusa da Jos a farkon shekarun 2000, kuma ta horar da da yawa daga cikin 'yan Najeriya da ke riƙe da fannin. Arewa maso yamma ba ta sami irin wannan ido ba. Gauraka ta kusa ɓacewa daga ƙasar, ungulun da a da ke cika mahauta an ɗaga ta zuwa jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a 2015, ga guba ga cinikin sassanta don magani, amma lissafin da zai nuna yaushe ungulun ta janye daga kasuwar Jega tsofaffin mahauta ne suka fi riƙe shi.

Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya soma a 2015, shi ne ƙoƙarin cike wannan giɓi. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe. Mai sa kai ya yi aƙalla awa 2 a ciki, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a wayarsa. Ɗaliban jami'ar jihar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, suna kusa da gidajen taswirar da ke Fagada, sai dai rashin tsaro a wasu hanyoyin yankin yana taƙaita inda mai madubin hangen nesa zai iya tsayawa.