Daga Ruwan Batir Zuwa Lambar Kwamfuta: Tarihin Gano Cutar Caji a Gabashin Sakkwato

A watan Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin motar lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ta farko irinta a Najeriya. Hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci ce ta gina ta, kuma shugabanta a lokacin, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato ne. A kwalejin gwamnatin tarayya ta Sakkwato ya yi sakandare, ya wuce Birnin Kebbi, daga nan sai Detroit ta Amurka, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007. Motar da aka yi ta nunawa a lokacin ita ce Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas. Daga baya aka buɗe irin wannan tasha a Jami'ar Legas da ta Nsukka.

Mutane sun kalli motar. Mu da muke rubuta manhaja hankalinmu ya fi tafiya ga wayar da ke tsakanin motar da bango, da abin da zai faru ranar da wani ya jona ta a Wurno ko Rabah ko Goronyo ta ƙi ɗauka.

Caji ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun kafin wayar salula, a garuruwan da wutar NEPA ba ta kai ba ko take zuwa sau ɗaya a kwana uku, batirin mota ne ke kunna talabijin da lasifikar masallaci da ta gidan biki. Wannan batir mai dalma da ruwan asid Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma kyawunsa shi ne ba ya ɓoye ciwonsa. Mai caji zai kwance murafu shida, ya zuƙo ruwan da gilashi mai roba a kai, ya duba inda ƙwallon ciki ya tsaya. Ɗakin da ruwansa ya yi sauƙi alhali sauran biyar sun yi nauyi, shi ne ya mutu. Mai gyaran wutar mota, wanda muke kira riwaya, yana da nasa awo: batir cikakke yana nuna bolt 12.6 a tsaye, in an tayar da inji ya hau kusan 14. In bai hau ba, laifin altaneta ne ko bel ko waya. Wasu ko mita ba su da ita, ƙwan fitila da guntun waya sun ishe su. Ilimi ne na ido da hanci da yatsa, ana gadonsa a gareji daga ubangida zuwa yaro.

Abin da ya fara raba mu da wannan ilimi a California aka yanke shi. Saboda hayaƙin da ya addabi biranensu, hukumomi suka tilasta wa masu ƙera motoci su sa kwamfuta mai lura da inji, kuma daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da kafar gwaji ta bai ɗaya mai rami 16 a ƙasan sitiyari, wadda ake kira OBD-II. Shekara goma kafin nan kamfanin Bosch na Jamus ya fito da CAN, hanyar da ƙananan kwamfutocin mota ke magana da juna ta waya biyu kacal. Motocin da aka gama yayinsu a can su ne suka biyo ta Kwatano suka iso mana. Daga nan aka fara jin "sai an sa mata kwamfuta" a garejin Sakkwato, kuma direban Goronyo ya koyi cewa wata fitilar in ta kunnu a gabansa, sai ya dangana da birni.

Motar lantarki ta kai abin ƙarshe. Batirinta na litiyam, irin wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, ba shi da murfin kwancewa. Ɗakuna ne masu yawa a rufe, da ƙarfin da kan kai bolt 400, abin da ke kashe mutum nan take. Kwamfuta ce ke gadinsa, tana auna zafi da ƙarfin ɗakunan, kuma ita ke da ikon cewa a'a.

Kafin wuta ta shiga, sai an yi gaisuwa tsakanin caja da mota, kuma yawancin abin da ake kira lalacewar caji a nan yake faruwa. A ƙa'idar J1772, wadda cajar gida ta Amurka da ta Turai ke bi, akwai siririyar waya guda da ba ta ɗaukar wutar caji, aikinta saƙo kawai. In ba a jona komai ba, caja tana riƙe ta a bolt 12. Da an soka kan a mota sai ya sauka zuwa 9, ma'ana ga ni na zo. Sai caja ta fara kaɗa wayar sau 1,000 a daƙiƙa, tsawon kowane bugu yana faɗa wa mota iyakar abin da za ta ja: kashi 10 cikin ɗari amfiya 6 ke nan, kashi 50 amfiya 30. In mota ta gamsu sai ta sauke shi zuwa 6, a nan ne za ka ji ƙas, makunni ya rufe, wuta ta wuce. Duk wanda ya san waɗannan lambobi uku, 12 da 9 da 6, ya san rabin aikin. Ya tsaya a 12, kan bai shiga ba ko wayar saƙo ta tsinke ko ƙurar hunturu ta cika ramin. Ya tsaya a 9, caja ta yi nata, mota ce ta ƙi, sai a nemi dalilinta a kwamfutarta. Wani lokaci dalilin abin dariya ne: ƙaramin batir mai bolt 12, jikan na Planté, yana nan a cikin motar, shi ke tayar da kwamfutoci, in ya mutu babban ba zai karɓi ko ɗigo ba.

To amma waɗanda suka rubuta wannan gaisuwa sun ɗauka wutar bango lafiyayya ce. Tamu kuwa mun san ta. Tana tasowa daga wajen Kainji, ta bi Birnin Kebbi ta iso Sakkwato, sannan ta kama dogayen layuka zuwa gabas. Kafin ta kai ƙarshen layi, bolt 230 da ke rubuce a takarda sau da yawa ya rame, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. Fanka za ta yi haƙuri ta juya a hankali. Cajar da ke cikin mota in wuta ta yi ƙasa da abin da aka tsara mata sai ta yanke. Haka kuma yawancin caja na duba wayar ƙasa kafin komai, alhali gidajenmu da dama waya biyu aka ja musu, inda aka binne ƙarfen ma ƙasar rani ta bushe ba ta ɗaukar wuta sosai. Ƙaramin janareta shi ma yakan faɗi wannan jarrabawa. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke sa mai gadin batir ya rage caji don kada ɗakuna su lalace. A duk waɗannan motar ƙalau take. A ganinmu babban haɗarin shi ne mai gyara ya gaji ya yaudari na'urar tsaro da guntun waya, kamar yadda aka saba yi wa fis da zaren tagulla. A nan kuskuren gobara ne ko rai.

Akwai kuma rikicin baki. Cajar gaggawa iri-iri ce: CHAdeMO ta Japan, CCS ta Turai da Amurka, GB/T ta Sin, kowace da kanta da yarenta. Ƙasar da ke sayen motoci daga ko'ina za ta tara su duka a tasha ɗaya.

Darasi mafi ɗaci daga tarihinmu na kusa ya fito. A watan Satumban 2021, wata biyar bayan bikin jami'a, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah. Cajojin kasuwa da yawa a duniya ba sa sakin wuta sai sun tambayi wata kwamfuta ta intanet ko an biya. Da irinsu ne a kasuwar Goronyo a waɗancan makonni, da rana na dukan faranti, batir cike, allo na cewa babu sadarwa. Wannan ba laifin riwaya ba ne, laifin irinmu ne masu rubuta manhaja a ɗaki mai sanyi muna zaton layi ba ya ɗaukewa.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lissafi ya sauya. A Maiduguri motocin haya masu lantarki sun hau titi. A fadamun Rima, ƙasan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, masu noman albasa da shinkafa da tafarnuwa suna ta komawa famfon sola, kuma yaran da ke haɗa musu faranti da inbata sun riga sun iya karanta lambar kuskure a ƙaramin allo. Muna zaton ta hannunsu abin zai shigo, kuma ba da Kona zai fara ba, da babur ne da keke mai ƙafa uku, masu kai buhu daga gona zuwa kasuwar Acida. Su ne ya kamata a fara koya wa 12 da 9 da 6, a ba su safar hannu mai hana wuta, a kuma fassara musu jerin lambobin kuskure da Hausa, a ajiye a waya yadda zai buɗe ko babu layi.