Wasan Kurket: Kalmominsa, Lissafin Maki da Auna Ƙwazon Ɗan Wasa

Mun tanadi wannan bayani domin malaman makaranta da jami'an wasanni na ƙananan hukumomin Bungudu, Gusau da Tsafe, da kuma iyayen yara a Kwatarkwashi da kewaye. Kurket wasa ne na rubutu da lissafi. Wanda ya iya karanta takardar maki ba zai yi zaɓen tumun dare ba a ranar fitar da 'yan wasa.

Taƙaitaccen tarihi

Asalin kurket daga Ingila ne, Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi Najeriya. A shekarar 1904 aka yi karawa tsakanin Legas da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Najeriya ta zama mamba mai zaman kanta a hukumar kurket ta duniya, ICC, a 2002. Matasanmu maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun halarci gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. An kuma sanya wasan cikin gasar Olamfik ta 2028 a birnin Los Angeles na Amurka.

Fili da kayan wasa

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11. A tsakiyar fili akwai dandaɓaɓɓen wuri mai tsawon yadi 22, kimanin mita 20. A kowane ƙarshensa ana kafa turaku uku, a ɗora 'yan guntayen katako biyu a kansu. Wannan shi ake kira wiket. Ƙungiya ɗaya tana bugu da sanda mai faɗi, mutum biyu a lokaci guda, ɗayar kuma tana jifa da tsaron fili. Daga nan sai a yi musanya.

Muhimman kalmomi

Mai bugu: wanda ke riƙe da sanda yana kare wiket, yana neman maki.

Mai jifa: wanda ke jefo ƙwallo. Doka ta hana shi miƙe gwiwar hannu yayin sakin ƙwallon, kamar yadda ake jifan tsuntsu da dutse.

Mai tsaron wiket: wanda ke tsuguno a bayan turaku sanye da safar hannu.

Oba: jifa 6 ingantattu daga mutum ɗaya. Bayan kowace oba, wani mai jifan ne zai karɓa daga ɗaya ɓangaren.

Zagaye: lokacin bugun ƙungiya ɗaya. Yana ƙarewa idan an fitar da mutum 10, ko adadin obar da aka ƙayyade ya cika. A wasan T20 kowace ƙungiya tana da oba 20, a wasan yini ɗaya oba 50, babban wasan ƙasa da ƙasa kuwa yakan kai kwana 5.

Yadda ake samun maki

Idan aka bugi ƙwallo, masu bugu biyu suka ruga suka yi musanyar wuri, an sami maki 1. Ƙwallon da ya gangara ya kai iyakar fili maki 4 ne. Wanda ya tsallake iyaka ba tare da taɓa ƙasa ba maki 6 ne. Idan mai jifa ya baɗe ƙwallo nesa da mai bugu, ko ya ƙetare layi da ƙafarsa, ana ba abokan hamayya gyaran maki 1, a kuma sake jifan. Wannan gyara na ƙungiya ne, ba a rubuta shi da sunan mai bugu.

Yadda ake fitar da mai bugu

Hanyoyin da aka fi gani biyar ne: ƙwallo ya wuce shi ya rushe wiket, a cafe abin da ya buga kafin ya taɓa ƙasa, ya tare da ƙafa ƙwallon da zai bugi wiket, a rushe wiket yana cikin gudu bai isa layi ba, ko mai tsaron wiket ya rushe shi lokacin da mai bugu ya fita daga layinsa.

Karanta sakamako

Idan aka rubuta 65/6, ana nufin maki 65, an fitar da mutum 6. Abin da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci ke nan a kan New Zealand a gasar duniya da aka yi a Malesiya a watan Janairun 2025. Abokan karawarsu sun tsaya a 63/6, saboda haka aka ce Najeriya ta yi nasara da maki 2. Haka kuma, oba 12.3 tana nufin oba 12 da jifa 3, ba 12 da ɗigo uku irin na lissafin aji ba.

Auna mai bugu

Ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko shi ne matsakaicin maki: a raba jimillar makinsa da adadin lokutan da aka fitar da shi, ba adadin wasannin da ya buga ba. Don Bradman na Ostireliya ya ci maki 6,996, aka fitar da shi sau 70, matsakaicinsa ya zama 99.94. Na biyu shi ne saurin ci: a raba maki da adadin jifan da ya fuskanta, a ninka da 100.

Misali, yara biyu kowanne ya ci maki 120 a wasa 5. Na farko an fitar da shi sau 4, ya fuskanci jifa 150: matsakaicinsa 30, saurinsa 80. Na biyu an fitar da shi sau 5, ya fuskanci jifa 80: matsakaicinsa 24, saurinsa 150. Na farko ya fi daɗewa a fili, na biyu ya fi tara maki cikin ƙanƙanin lokaci. Ƙungiya tana bukatar dukansu, musamman a T20.

Kira ga jami'ai da malamai

Muna kira ga duk makarantar da za ta fara wannan wasa da ta tanadi littafi ɗaya, ta kuma naɗa mai rubuta maki tun daga wasan farko. A rubuta sunan kowane yaro, makinsa, jifan da ya fuskanta da yadda aka fitar da shi. Ranar da za a zaɓi wakilan ƙaramar hukuma ko na jiha, wannan littafi ne zai tsaya wa yaron ƙauye wanda ba shi da kowa a ofis.