Tarihin da ke Ƙarƙashin Fenti: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Julie Mehretu

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun ayyukan mai zane Julie Mehretu daga 2004 zuwa 2018 domin auna ra'ayin da ke cewa zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai ba ruwansa da damuwar jama'a. An dubi yadda take gina zane hawa-hawa da kuma abin da take binnewa a hawan ƙasa. Nazarin ya nuna cewa a wurinta shafe siffa wata hanya ce ta adana tarihi.

Asalinta

An haifi Mehretu a Addis Ababa a 1970. Mahaifinta Bahabashe ne, malamin labarin ƙasa a jami'a, mahaifiyarta kuwa Ba'amurkiya ce mai koyar da yara. Sojoji sun hamɓarar da Sarki Haile Selassie a 1974, kuma da kashe-kashe suka yi ƙamari sai iyalin suka yi ƙaura zuwa jihar Michigan a 1977. Ta yi digirin farko a Kwalejin Kalamazoo, ta taɓa karatu a Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, sannan ta kammala digiri na biyu a Makarantar Zane ta Rhode Island a 1997. Ba abin mamaki ba ne wadda ta tashi a gidan masanin labarin ƙasa ta ɗauki taswira tubalin aikinta.

Salon aikinta

A ayyukanta na farko, akan haska taswirar birni ko tsarin gini da majigi a kan babban ƙyalle, ita da mataimakanta su bi layukan da tawada. Sai a rufe da ruwan akirilik mai ɗauke da silika, a bari ya bushe, a goge da samfefa har ya yi sumul, kana a ɗora wani hawan. Wanda ya tsaya nesa da Stadia II (2004) zai ga guguwar launuka da guntayen tutoci. In ya matso har hancinsa ya kusa taɓa zanen, sai ya ga siraran layukan filin wasa can ƙasa, da dubban ƙananan alamomin hannu suna cincirindo a kansu kamar tururuwa. Ginin yana wakiltar tsari da iko, alamomin kuwa jama'ar da ke kutsawa cikinsa.

Inda wannan salo ya fi nuna ƙarfinsa shi ne Mogamma, zane mai ɓangare 4 da aka baje a bikin Documenta na birnin Kassel a 2012. Sunan na wani babban gini ne da a da ke ɗauke da ofisoshin gwamnati a dandalin Tahrir a Alƙahira, inda aka yi boren 2011. Mehretu ta jibga gine-ginen Tahrir a kan na wasu dandalolin da suka shaida bore ko fareti, irin su Meskel na Addis Ababa da Tiananmen na Beijin da Zuccotti na New York. Tagogi da ginshiƙai sun hau juna har ido ba ya iya ware wannan birni daga wancan, sannan baƙar tawada ta bi ta kansu. Ba mutum ko ɗaya a zanen, amma cunkoson kansa ya isa ya sa mai kallo jin ƙuncin taro. A ganin mai wannan nazari, da ta zana fuskokin masu zanga-zanga da ta taƙaita lamarin ga Masar kaɗai.

Akwai masu sukar ta kan katafaren zanen bango mai tsawon ƙafa 80 da ta yi wa bankin Goldman Sachs, wanda aka kafa jim kaɗan bayan rikicin kuɗi na 2008. Sukar tana da tushe, domin zane a kan tarihin jari-hujja da ke ƙawata zauren banki da wuya ya tsone wa masu bankin ido.

Daga taswira zuwa hoton jarida

Wajen 2016 sai hawan ƙasa ya sauya. Ta koma ɗaukar hoton labarai, ta dusar da shi a kwamfuta har ya zama hazon launi kawai, a fesa shi a ƙyallen, sannan ta bi da hannu tana zana tana sharewa. Ƙarƙashin Conjured Parts (eye), Ferguson (2016) hoton 'yan sandan kwantar da tarzoma ne bayan kisan wani mai suna Michael Brown a garin Ferguson a 2014. Ƙarƙashin Hineni (2018) kuwa wutar dajin Kalifoniya ce ta 2017.

Nan matsala ta taso wadda masu yabonta kan tsallake. A Mogamma, mai haƙuri zai iya tono ginin da idonsa. A ayyukan baya-bayan nan ba zai iya ba, sai dai sunan zanen ko takardar bayani ta gaya masa. Ke nan wani kaso na ma'anar ya fita daga ƙyallen ya koma rubutu. Abin da ya rage a fentin shi ne zafin launin da nauyin duhun, kuma ko waɗannan kaɗai sun isa su isar da labarin Ferguson ga wanda bai karanta sunan ba, tambaya ce da ke buƙatar a gwada ta a kan masu kallo a ɗakin baje koli.