Aci-bal-bal: Tarihin Fitilar da Aka Ƙera da Abin da Aka Yar

Kafin ƙwan lantarki ya isa yawancin garuruwan ƙasar Hausa, ana gane kasuwar dare tun daga nesa da jerin ƙananan harsunan wuta. Akwai ɗaya a gaban mai tsire, ɗaya a teburin mai shayi, wata kuma kusa da kaskon mai ƙosai. Wannan ita ce aci-bal-bal, fitilar da sunanta ya fito daga yadda wutarta ke ci tana rawa a iska. Gwangwani ne ko kwalba, da ɗan bututu a murfi, da lagwani, da kananzir. Duk da ƙanƙantarta, tarihinta ya ratsa rijiyoyin man Amurka, da layin dogo, da bolar bayan gida.

Fitila ta girmi kananzir a wannan ƙasa. Kalmar kanta daga Larabci ta zo, inda asalinta ke nufin lagwani. A da, ɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a jingina a bakinsa, a kunna. Sai dai man nan abinci ne, duk abin da fitila ta sha an rage wa tukunya. Shi ya sa makarantun allo suka dogara ga wutar kara da itace, almajirai su kewaye ta da allunansu.

Sauyin ya faro ne daga nesa. A 1846 wani masanin duwatsu ɗan Kanada, Abraham Gesner, ya nuna yadda ake tace man fitila daga kwal, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da Hausa ta mayar kananzir. A 1859 Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Titusville da ke jihar Pennsylvania, sai man ya yawaita, farashinsa ya faɗi. A wancan zamani kananzir ne abin nema a ɗanyen mai, fetur kuwa bai da kasuwa sosai sai da mota ta zo. Kamfanin Standard Oil, wanda aka kafa a 1870, ya riƙa aika shi Asiya da Afirka cikin manyan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, biyu a kowane akwatin katako.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgin da ke sauka da gyaɗa da fatu ya riƙa hawowa da gishiri da yadi da kananzir. Gwangwanin man, mai cin kusan lita goma sha takwas, shi ne garwa. Idan man ya ƙare, garwa takan zama ma'auni, ta zama abin ɗaukar ruwa, ko maƙera su yanka ta su yi mazurari da fitila. Da madarar gwangwani da tumatirin gwangwani suka bazu (madarar Peak ta shigo Najeriya a 1954), sai kayan aikin suka zama kyauta a kowace bola. Maƙeri ya huda murfi, ya naɗe ɗan ƙarfe ya yi bututu, ya liƙe da dalma. Wanda bai kai ga maƙeri ba, sai ya nemi kwalbar magani ko ta lemo, ya huda murfinta da ƙusa, ya zura tsumma. Irin wannan dabara ta ɓulla a wurare da dama: koroboi a Kenya, kibatari a Tanzaniya, tadooba a Yuganda.

Aikin fitilar mai sauƙi ne. Zaren lagwani yana tsotso mai zuwa sama kamar yadda tsumma ke shan ruwa, zafi ya mai da shi tururi, tururin ne ke ci. Bututun ƙarfe yana hana wuta bin lagwani zuwa cikin tulun mai. Bambancinta da fitilar ƙwai shi ne iska: gilashi da bututun fitilar ƙwai suna jawo iska zuwa ga harshen wuta, mai ya ƙone sosai, haske ya yi fari. Aci-bal-bal ba ta da wannan, don haka wutarta ja ce, hayaƙinta baƙi. Wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na kananzir ɗin da irin wannan fitila ke sha yana fita ne a matsayin baƙin ƙurar hayaƙi. Wannan ne dalilin da ya sa ta fi dacewa da fili. A ɗaki kuwa, yaron da ya yi karatu da ita yakan tashi da baƙi a hanci, abin da ya wuce hanci kuma yana huhu.

Hayaƙi ba shi kaɗai ne illarta ba. Kwalba takan kife ta fashe, mai ya malale a kan tabarma, kuma a gidan danni da jinka gobara ba ta jiran a ɗebo ruwa. Mafi muni shi ne gurɓataccen mai. Kananzir ba ya fitar da tururi mai kama wuta sai ya kai zafin kusan digiri 38, fetur kuwa yana fitar da shi ko a tsananin sanyi. Idan aka gauraya su, fitila ta zama abin fashewa, kuma Najeriya ta sha ganin mata da yara sun ƙone ta wannan hanya.

Abin lura shi ne, wutar gwamnati ba ita ta kori aci-bal-bal ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, an kafa NEPA a 1972, amma a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da lantarki. Abubuwa biyu ne suka ci ƙarfinta. Na farko ƙwan LED, wanda ƙirƙiro shuɗinsa ya jawo wa masana uku 'yan asalin Japan kyautar Nobel a 2014. Haske mai yawa da batir kaɗan. Na biyu tsadar mai, musamman bayan an janye tallafin kananzir a 2016. Masu aikin hannu kuma ba su tsaya kallo ba. Sun haɗa ƙananan ƙwayaye da tsohon faifan CD da akwatin batir na katako, suka fito da sabuwar fitila daga sabuwar bola, kafin tociloli da fitilun sola na Sin su cika kasuwa.

A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, yanzu ana ƙera irin wannan fitila da kwalaben da aka gama da su don ƙawata lambu, a zuba mata mai mai ƙanshi da ke korar sauro. Abin da ya zama ado a can, a nan larura ce ta haife shi. Shekaru masu yawa aci-bal-bal ta ƙara wa talaka sa'o'in ciniki da na karatu bayan magariba, a kan kuɗin da aljihunsa zai iya ɗauka, ya kuma biya sauran da lafiyarsa. Mai ƙosan da ke soyawa yau a ƙarƙashin ƙwan sola ta huta da hayaƙi, amma har gobe ita ke saya wa kanta haske, kamar yadda kakarta ta yi.