Hadijatu Mani, matar da ta kai gwamnati ƙara

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin kalmar wahaya? Mu nan Gure ba kowa ya san ta ba, amma a jihar Tawa an san ta sarai. Wahaya ita ce yarinyar da mutum ke saye bayan ya cika mata huɗu. Ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ana ce mata matar biyar. Masu yin haka suna fakewa da addini, suna cewa ƙwarƙwara ce. Ga labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan mata.

Sunanta Hadijatu Mani. A shekarar 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan jaka 240 ga wani mai hali a ƙasar Ƙonni. Shekara tara tana aikin gida da na gona. Ta sha duka. Ya tara da ita dole, har ta haihu.

A 2003 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta hana bauta. Wanda aka kama, kaso ne na shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba Hadijatu takardar ƴanci. Amma da ta tashi tafiya, sai ya ce ai matarsa ce.

Ta kai ƙara Ƙonni a 2006. Alƙali na farko ya ba ta gaskiya. Ya ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Mutumin ya ɗaukaka ƙara. Kotu ta biyu ta juya hukunci, ta ce bisa al'ada, baiwar da aka ƴanta matar ubangijinta ce.

Me ya sa kotun gwamnati ta bi al'ada? Dalili shi ne, tun 1962 dokar ƙasarmu ta ce a sha'anin aure, saki da gado, alƙali ya bi al'adar masu shari'a. An rubuta dokar iyali don a gyara wannan. Wasu ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka ajiye ta a 1994. An sake gwadawa a 2011, ba ta yiwu ba.

Ana cikin haka Hadijatu ta auri mijin da take so. Sai aka tuhume ta da aure kan aure. A 2007 aka yanke mata kaso na wata shida. Ta yi wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta.

Ba ta karaya ba. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta, ta kama mata. Suka kai gwamnatin Nijar ƙara a kotun CEDEAO, domin a lokacin ƙasarmu tana cikin wannan ƙungiya. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce an bautar da Hadijatu, kuma hukuma ba ta kare ta ba. Ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Bayan haka, a 2014, kotun Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda riƙe wahaya.

Kana iya cewa Ƙonni da nisa, ina ruwan mutumin Gure? To, dokar da ta yi aiki can ita ke aiki nan. Duk lokacin da aka daki mace, ko aka yi wa yarinya auren dole, aka ce addini ne ko al'ada, ka tambaya: a ina aka rubuta? Ka tuna, alƙalin farko bai nemi komai ba sai abu uku da kowane malami ya sani: sadaki, ɗaurin aure, da yardar mace.

Ke kuma ƴar uwa da ke koyon karatu, ki adana takardar haihuwarki da ta aurenki. Idan an cuce ki, akwai alƙali, akwai jandarma. Ki karanta wa maƙwabciyarki wannan labari, ita ma ta sani.